Yadda muka karɓo ɗakin karatun garinmu daga bakin gara

Ni dai ban taso da niyyar zama mai tsaron littattafai ba, gyaran waya nake a bakin tasha kuma har yau shi ke ciyar da ni. Korona ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Ranar 18 ga Maris 2020 aka rufe duk makarantun Kamaru, ƙanwata kuwa a shekarar za ta rubuta BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, littafin lissafi guda ɗaya suke rabawa su huɗu, kwana biyu a gidanmu kwana biyu a gidan su wance, har bangon ya cire Inna ta ɗinke shi da zaren buhu. Wata rana Baba Metir ya kawo min 'yar wayarsa mai tocila wai ba ta shan caji, ina kwance ta ina ta mitar littafin nan, sai yace "Ɗana, ai garin nan yana da bibliyotek." Nayi dariya nace Baba a ina, ko dai Garwa kuke nufi? Yace a'a, ɗakin karatu dai nan bayan meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ɗakin da ake tara kujerun roba.

Wallahi an haife ni a garin nan, na wuce ta gaban ƙofar nan ya fi sau dubu, ban taɓa sanin akwai littafi ko ɗaya a ciki ba.

Garinmu ƙarami ne, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, auduga da gyaɗa da albasa, kasuwa sau ɗaya a sati. A gida Hausa, a kasuwa Fillanci, a lakol, wato makarantar boko, Faransanci. Baba Metir ya koyar da rabin iyayenmu a firamare, shi ya sa ba wanda ke kiran sunansa, Metir kawai, wato Malam. Shi ya ba ni tarihin ɗakin a ranar, wayar ma sai washegari na gyara ta. Yace abin ya fara ne da armuwar ɗaya, wato kabad na katako, a bayan aji zamanin shugaba Ahidjo, wani darakta ne ke sayen littattafai da kuɗinsa duk lokacin da ya sauka kudu, kuma tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974 sai abin ya yi sauƙi, a ɗoro kwali a jirgi daga Yawunde, daga Ngaundere kuma a roƙi direban babbar mota ya taho da shi. Da armuwar ta cika aka ƙara ta biyu, daga baya meri ta ba da ɗaki ta ɗauki wani saurayi yana buɗewa da la'asar. Yace lokacin har ma'aikatan asibiti da 'yan jandarma suna zuwa aron littafi. Abin da ya kashe shi kuwa ba wani asiri ba ne, a 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar kuɗinmu sefa, faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100, toh littattafan galibi daga Faransa ake kawowa, kuɗinsu ya ninka a dare ɗaya. Malamin da bai iya cika buhun gero ba ina zai sayi littafi. Saurayin da ke buɗewa aka daina biyansa ya kama fataucin albasa, ya tafi da makulli ko ya yar oho, aka sa wani kwaɗo, shikenan.

Mu shida muka fara zuwa meri, ni da abokaina uku da wata malamar lise, wato sakandare, da Baba Metir a gaba da sandarsa. Sakataren ya saurare mu tsaf, sannan ya yi tambaya ɗaya da ta kashe mana jiki, wai ku su waye? Muka ce 'yan gari ne. Yace bai san wani abu wai shi 'yan gari ba, in gobe kujera ɗaya ta ɓace wa zai kama, ku je ku zama ƙungiya mai takarda. A lokacin naji haushi sosai, amma yanzu da nake riƙe da makullin na gane yana da gaskiya.

Kafin takarda sai da muka bi ta gida. Baba Metir yace duk wanda ya tsallake manya ya tafi wurin firefe, babban jami'in gwamnati na yanki, zai dawo ya tarar da ƙofa a rufe ko da an ba shi makulli. Muka je gun Sarkin Hausawa muka zube, nace "Allah ya ja zamanin Sarki, so muke mu tada ɗakin karatun nan." Ya sa albarka amma ya ja mana kunne kan abu ɗaya, kada mu kuskura mu sa kalmar Hausawa a sunan ƙungiyar, dan in muka sa, Fulani da Gidar da Mundang da sauran mutanen gari za su ce na 'yan unguwa ɗaya ne. Shi da kansa ya haɗa mu da wanda ya kai mu fadar Lamido. Wannan shawarar ta fi duk kuɗin da aka taɓa ba mu.

Sai dosiye, wato takardun kafa ƙungiya. Ga wanda zai bi wannan hanya a Kamaru, dokar ƙungiyoyi ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, kuma a ofishin firefe na departema, wato babban yankin da gari yake ciki, ake kai sanarwar, mu kuwa da rashin sani muka fara kaiwa wurin sufirefe, jami'in da ke ƙasa da shi, muka yi asarar sati biyu a banza. Ana son sunan ƙungiya da manufarta da inda mazauninta yake, da sunayen shugabanni da sana'ar kowa da inda yake zaune, da kofi biyu na sitatu wato dokokin ƙungiyar, mun haɗa har da rahoton taron da muka zaɓi shugabanni, ga tambur, wato kan sarki. Baba Metir ya rubuta sitatun da hannu, rubutun nan nasu na da mai kwanciya gefe kaman an zana, na kai wurin mai kwamfuta ya buga, Baba ya karanta ya samo kuskure goma sha wani abu ya sa aka sake bugawa da kuɗina. Zuwan farko aka dawo mana da dosiyen sabida ba mu rubuta sana'ar ma'ajiyarmu ba, Hajiya ce mai sayar da atamfa a cikin gida, mu a ganinmu ba sai an faɗa ba. Zuwa na biyu mai karɓa ya tafi jana'iza. Na uku aka karɓa, tsakiyar damina, na dawo kan moto ruwa ya min dukan tsiya.

Daga nan shiru. Wata biyu suka cika, Baba Metir yace ai doka ta ce in firefe ya yi shiru wata biyu bayan an ajiye dosiye to an amince kenan, kuma haka ɗin ne a rubuce. Na je na faɗa wa sakataren meri, ya yi murmushi yace "Mesiye, shiru ba ya shiga fayil, kawo min resefise, takardar shaidar karɓa mai hatimi." Haka na ci gaba da sintiri, kuɗin moto ya ci ribar gyaran waya ta wata guda, har ranar da aka miƙo min 'yar takardar, shafi ɗaya tal, na sa ta a leda biyu na cusa cikin riga.

A meri kuma sai aka koma cewa ai babu kasafi. Nan Baba Metir ya nuna musu shi tsohon malami ne, ya zaro kofin dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019, ya sa tabarau ya karanta musu inda aka ce ɗakunan karatu na jama'a suna cikin aikin komin, wato ƙaramar hukuma, a hankali kaman yana ba 'yan aji uku shifta. Aka daidaita a kan ɗaki na meri ne, mu ke gudanarwa, ba za su biya kowa ba, za su kwashe kujerunsu su gyara ƙofa. Kujerun sun kwashe. Ƙofar mu muka gyara.

Ranar buɗewa hunturu ya riga ya shigo. Bayan kujerun ashe akwai wata ƙofa ta ciki, kwaɗonta ya yi tsatsa har ba a ganin ramin makulli, sai mai walda muka kira ya yanke. Warin da ya fito ba zan manta ba, ƙura da kashin jemage da wani tsami-tsami. Armuwar biyun suna tsaye kaman lafiya lau, littattafai a jere reras, na ce alhamdulillahi ashe ba abin da ya same su, na kai hannu na jawo wani babba mai jan bango, sai bangon kaɗai ya biyo hannuna, cikin duk jar ƙasa ce ta zubo min a ƙafa. Gara ta shigo ta bango ta bi bayan katakon ta cinye su daga ciki ta bar gaban yadda yake. Layin ƙasa gaba ɗaya haka yake. Malamar lise ta fita waje ta zauna ta yi shiru, Baba Metir kuwa bai ce uffan ba, hula kawai ya cire ya sake sawa.

Kashi uku muka yi a ƙarƙashin darbejiya, masu rai, majinyata, da gawa. Majinyata su ne waɗanda bango ya cire ko ɓera ya ɗan taɓa, waɗannan da gam da zare da kwalin sabulu muka yi musu sabon bango. Mun fara shanya su a rana sai muka ga gam ɗin na narkewa takarda na lanƙwashewa, muka mayar inuwa muna kaɗe su da burushin fenti shafi-shafi, hanci ɗaure da ƙyalle, sati uku muna wannan. Gawar ma ba a zubar da ita haka kawai ba, dan akwai masu ayoyi a ciki, liman ya zo ya tsince su da hannunsa aka haƙa rami a wuri mai tsabta aka binne. Katako kuwa mun yi sallama da shi har abada. Mai walda ya ƙera mana kantoci na ƙarfe, muka janye su daga bango kaman taƙi ɗaya, kowace ƙafa a cikin gwangwanin tumatir da baƙin mai, ga busasshen ganyen darbejiya a bayan littattafai, kuma duk Juma'a sai an leƙa bango an duba ko gara ta fara gini.

A ƙasan armuwar ta biyu muka tsinci tsohuwar rajistar aro, gara ta ci gefe amma sunaye suna nan. Nan fa aka yi dariya, sabida duk manyan garin nan ga su a ciki suna 'yan makaranta. Na ci karo da sunan kawuna, wanda yanzu Alhaji ne mai motoci, ya ari ƙamus na Faransanci kuma gurbin ranar dawowa fari fat. Na ɗauki rajistar na same shi a shago nace "Kawu, an aiko ni karɓar bashi." Ya duba ya duba, ya tuntsire da dariya har da hawaye, yace ɗan banza, shekara nawa, sannan ya sa aka kai mana siminti muka shafe ƙasan ɗakin da tsagar bangon. Ƙamus kuwa yace zai duba.

Jera littattafai na ɗauka wasa ne, manya a nan ƙanana a can. Wata baiwar Allah da ke aiki a wani babban ɗakin karatu a Garwa ta zo mana kwana biyu ta koya mana tsarin Dewey, wani Ba'amurke ne ya fito da shi a 1876, ya raba duk ilimi gida goma daga 000 zuwa 900, kimiyya 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900, addini 200. Kowane littafi a ba shi lambar shiga a rajista, a buga masa hatimi a shafin farko da wani shafi na ciki da mu kaɗai muka sani, a manna lambar gidansa a ƙashin baya. Inda aka samu matsala shi ne addini, dan a tsarin nasa Kiristanci ya kwashe daga 220 har 280, Musulunci kuwa lamba ɗaya ce 297. Liman ya ce "Yanzu tafsiri da hadisi da fiƙihu, su Risala da Iziyya da Ahalari, duk a rami ɗaya, kuma a kantar ƙasa kusa da takalman mutane?" Ba wanda ya iya ba shi amsa. Muka bar musu lambarsu a rajista amma muka ware musu kanta ta sama su kaɗai, littattafan coci ma da wani fasto ya kawo muka ɗaga su sama a ɗaya gefen. Ni kuma na kawo salatif mai kala irin na aikina, ja lissafi da kimiyya, shuɗi labarai, kore addini, dan yaro ɗan firamare bai san 500 ba amma ya san ja.

Rigima mafi zafi a kan aro aka yi. Hajiya ma'aji tace sai an ajiye kuɗin jingina, in ba haka ba wata uku ɗakin zai koma fanko. Malama tace wanda yake da kuɗin jingina ai yana da kuɗin littafi, dan wa muka buɗe kenan? Sai da aka kwana uku ba a gaisawa sosai. A ƙarshe aka koma yadda ake ba da bashi a kasuwa, kowa ya kawo wanda zai tsaya masa, uba ko malami ko maigidan da yake koyon sana'a a gunsa, a rubuta sunan mutum biyu a kati, littafi ɗaya sati biyu. 'Yan makaranta kyauta, manya ɗan abin da ba a rasa ba a shekara. Kunya ta fi tara aiki a garin nan, yaro ya san in ya riƙe littafi gidan malaminsa za mu je. Sun ɓace dai, ba zan yi ƙarya ba, amma ba kaman yadda Hajiya ta ji tsoro ba.

Muka buɗe, aka yi addu'a aka raba goro, sai kuma ba kowa. Sati biyu ina rufe rumfata da la'asar in zo in zauna da ƙudaje. Wasu 'yan garinmu da ke Faransa suka turo kwalaye, Allah ya saka musu, mun biya kuɗin mota daga Duwala muna murna, da muka buɗe sai ga littafin koyon gudun kan ƙanƙara, da dokar harajin Faransa ta shekarun baya, da yadda ake kiwon kyanwa. Akwai masu kyau a ciki musamman na yara masu hotuna, amma rabi nauyi ne kawai. Daga nan muka ajiye kaye, wato littafin rubutu, a bakin ƙofa, duk wanda ya leƙo ya rubuta abin da ya zo nema bai samu ba. Kayen nan shi ya gyara mana hanya. Tsofaffin tambayoyin BEPC da probatuwar da bak, jarrabawoyin shekaru biyun ƙarshe na sakandare, ƙamus, littattafan da ke cikin manhajar bana, da na shirin konkur, jarrabawar gasar shiga manyan makarantu, dan tun da aka buɗe jami'ar Marwa a 2008, ga ta Garwa kuma a 2022, yaran nan sun daina ganin jami'a kaman abin 'yan kudu. 'Yan matan lise kuma suna ta rubuta sunan Djaïli Amadou Amal, marubuciya 'yar Marwa da ta ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a 2020, muka sayi kofi ɗaya na littafin nata, layin masu jira ya cika shafi.

Abin da ban zata ba shi ne Hausa. A nan ba a koya mana karatun Hausar boko a lakol, a waya da Facebook muka koya, dan haka ban taɓa kawowa akwai masu nema ba. Sai ga yara ƙanana suna zuwa da saƙo, wai Goggo tace ko akwai littafin Hausa, wai Yaya amarya tace a tambaya. Lokacin kofin Afirka na Janairun 2022 da Najeriya ta buga wasanninta a filin Rumde Ajiya na Garwa, wani abokina ɗan Kano da muke sayen kayan waya a gunsa yace zai zo kallo, nace dan Allah ka cika min jaka da littattafan Hausa, ya kawo jaka shaƙe, labarai da na girki da na addini da na tarihi. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya, na bi shi masauki da kuɗinsa, yace in rabu da shi shi yanzu ba ya son ganin kowa, ya hau mota da asuba, har yau bai karɓa ba.

Jakar nan ta jawo mana magana. Wasu dattawa suka ce mun kawo littattafan soyayya za mu lalata 'yan mata, har maganar ta kai fada. Hajiya ce ta kashe wutar, tace duk littafin Hausa sai ya kwana a gunta ta karanta kafin ya hau kanta, kuma ta cire 'yan kaɗan ta ƙi faɗa mana dalili, inaga dai suna ƙarƙashin filonta. Aka kuma ware Alhamis ta mata zalla, ni ko leƙe ba na yi. Ƙanwata ce ke riƙe rajista ranar. Ɗakin bai amfane ta a BEPC ba dan ta riga ta ci kafin mu samu makulli, probatuwar kuwa ta faɗi sau ɗaya ta ci a na biyu, a kan bencin nan ta yi karatun.

Daga baya muka haɗa kuɗi muka sa sola ɗaya da batir da ƙwai huɗu, sabida a watan Afirilu da Mayu zafi ba ya barin kowa ya yi karatu da rana ga jarrabawa na matsowa, wuta kuma sai ta ga dama. Tun daga nan bayan isha ɗakin ke cika har a kan tabarma a waje. Samari suka gano akwai caji, nace ba laifi amma wayarka na jone kai kana zaune da littafi a hannu, wasu riƙewa kawai suke a juye, wani kuma da ya fara da littafin hotuna na yara yanzu shi ke taya ni manna lamba. Wani tsoho ma ya taɓa zuwa da gafakar mahaifinsa, waƙoƙin wa'azi da ajami, Hausa da Fillanci, ya ƙi bari su kwana, sai da waya na ɗauki hotonsu warƙa-warƙa yana tsaye a kaina.

Yanzu ɗakin ya mana kaɗan, rufin na yoyo ta kusurwar gabas, mun kai wata dosiye meri muna neman ɗakin da ke maƙwabtaka, an ce a jira zaman majalisa. Satin da ya wuce kuma ina cikin share kanta sai ga yaron shagon Kawu da abu a baƙar leda. Ƙamus ɗin ne, ba bango, ya fara daga harafin C, akwai lissafin buhunan gyaɗa da biro a gefen shafuka. Na kai wa Baba Metir gida dan yanzu ƙafa ba ta barinsa fita, yace in ɗauko tsohuwar rajista, ya nemo layin da yatsa, ya rubuta ranar dawowa a gurbin da rubutunsa mai kwanciya, sannan yace in gaya wa Alhaji saura A da B.